Kofaton Dokin Ƙarfe

Mutanen da, idan za su sayi doki, ba sa tsayawa ga ƙyallin gashi da tsayin wuya. Sukan buɗe baki su duba haƙori don su san shekaru, sa'an nan mai saye ya durƙusa ya ɗaga ƙafafun dokin ɗaya bayan ɗaya ya dubi kofato, domin ya san duk ƙarfin ingarma da kyan sirdinsa a kan kofatan nan huɗu suke tsaye. Mu da zamani ya musanya wa doki da babur mun gaji hawan, amma ba mu gaji durƙuson ba. Sai ka ga mutum ya shafe wata guda yana bincike a kan inji da fenti da shan mai, ranar da tayarsa ta suɗe kuwa ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce, "Je ka kasuwa ka sayo mini mai sauƙi." Alhali babur ƙafa biyu gare shi, kuma abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan fili ne birki da kwana da nauyin mahayi da na wanda ya goya suke taruwa.

Ni malamin adabi ne, don haka mai karatu yana da damar ya tambayi abin da ya haɗa mai nazarin waƙa da tatsuniya da zancen taya. Aiki ne ya haɗa mu. Shekaru da dama ke nan ina kai da kawowa a Kudancin Kaduna, ina bin sawun Hausa a bakin waɗanda ba da ita aka yi musu tawai ba: yadda take kutsawa cikin waƙar daka, da yadda mai ba da labari yakan fara da harshen Jju, ya tsallaka Hausa idan zance ya zo kan kasuwa ko fada, sa'an nan ya koma gida. Tsofaffin da ke riƙe da irin wannan taska ba a bakin titi suke zaune ba. Zangona shi ne Madakiya, garin Bajju da ke kan hanyar Kafancan zuwa Zonkwa, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Katab, kusa da inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake kwararowa daga kan dutse a Matsirga. Daga nan nake ratsawa unguwanni da ƙauyuka, sau da yawa da ɗalibi a bayana yana rungume da jakar rikoda. Ɗalibin nan ɗan wani ne, amana ce a hannuna, kuma saboda shi ne zancen taya ya tashi daga sha'awa ya zama mini wajibi.

Hanyoyin wannan yanki iri biyu ne. Akwai kwalta: wadda ta taso daga Kafancan ta bi ta Madakiya da Zonkwa ta nufi Kaciya da Kaduna, da wadda ta bi ta Kagoro da Mancok ta haura tudun Filato, da kuma ta Kwoi. A kan waɗannan ana gudu, ana gogayya da tirela da manyan motocin da suka yi lodin citta da doya, ga ramukan da ke ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Sa'an nan akwai abin da ke bayan kwalta, wato burji da turbar gona, galibi jar ƙasa ce mai marmara da laka. Da rani takan bushe ta yi tauri, sai dai a samanta akwai ƙananan tsakuwa da ke mirginawa ƙarƙashin taya kamar an baza dawa a kan daɓe. Da damina kuwa, wadda a nan takan sauka tun watan Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba, labari ya sha bamban. Wanda ya saba da daminar Kano ko Katsina, inda rairayi ke shanye ruwan safe kafin la'asar, ba zai gane abin da nake nufi ba sai ya zo cikin Agusta. Laka takan jiƙa ta yi santsi kamar an kwarara mata miyar karkashi, ta kuma manne wa taya har zanen ya toshe, ƙafar babur ta koma kamar muciyar da aka ciro daga tukunyar tuwo. Ruwa ya yanka kwazazzabo a tsakiyar hanya, sawun motar da ta wuce jiya ya zama rami yau.

Babur ɗin da aka ƙera domin wannan rayuwa biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin mu ji Turawa suna kiransa babur ɗin yawon kasada, mun san shi a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya: mai dogayen ƙafafu, irin su Yamaha DT da AG da Honda XL. Manyan danginsa ma a maƙwabtanmu suka yi suna. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978 ya ƙare a Janairu 1979, ta Agadas ya ratsa, kuma Bafaranshe Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW ya fito da R80 G/S, haruffan nan biyu na ƙarshe kuwa da Jamusanci suna nufin daji da titi. A 1983 Yamaha ta raɗa wa nata sunan Tenere, hamadar nan ta Nijar. Nawa dai ƙarami ne, na gwanjo, ƙafar gaba inci 21, ta baya inci 18. Girman ƙafar gaban da dalilinsa, domin babbar da'ira ta fi iya haye dutse da tsallake rami ba tare da ta dunguri bakinsa ba. Na 'yan acaba, irin su Bajaj Boxer, inci 17 ne gaba da baya, amma damuwarmu ɗaya ce, tun da su ma safiyarsu a kwalta take, yammacinsu a gona.

Damuwar kuwa ita ce, abin da kwalta ke nema daga taya shi ne ainihin abin da laka ke ƙi. A kan kwalta, riƙo yana samuwa ne daga yawan robar da ta kwanta a kan titi. Roba mai ɗan laushi takan shiga ƙananan kofofin kwaltar ta kama su, zanen da aka yanka a jikinta kuwa aikinsa ya kore ruwa kada ya shiga tsakanin roba da titi. Shi ya sa tayar titi kusan sumul take. A ƙasa mai laushi babu abin da roba za ta kama, domin saman ƙasar shi kansa tafiya yake yi. Tilas taya ta zama mai haƙora, su nutse su ciji abin da ke ƙarƙashi, kamar yadda mai ratsa taɓo ba takalmi yakan kafa yatsun ƙafarsa. Tilas kuma a bar tazara mai faɗi tsakanin haƙoran, yadda idan taya ta juya lakar da ta cika gurbin za ta fice, haƙori ya dawo ƙasa a wanke.

To, ɗauki wannan taya mai haƙora ka ɗora ta a kan kwalta. Kusan rabin fuskarta rami ne, saboda haka robar da ke taɓa titi ta ragu. Idan ka kwanta a kwana haƙoran sukan lanƙwashe, ka ji babur yana rawa a ƙarƙashinka. Suna gurnani, suna ɗaukar zafi, suna cinyewa da wuri, wani lokaci ma su ci gefe guda su koma kamar bakin zarto. In an yi ruwa, nisan da babur ke buƙata kafin birki ya tsayar da shi ya ƙaru. Ita ma robar kanta haka halinta yake: mai laushi ta fi riƙo amma ba ta daɗewa, mai tauri ta daɗe amma ta yi santsi a jiƙaƙƙen titi. Masu ƙera taya sun yi ƙoƙarin sasanta wannan rigima, sun haɗa sinadarin silika a cikin roba don ya ƙara riƙo a kan ruwa, wasu kuma suna sa roba mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe. Sun rage rigimar ƙwarai, amma har yau taura biyu ba ta taunuwa.

Don a sauƙaƙa wa mai saye, 'yan kasuwar taya sun fito da wani lissafi. Sai su ce wannan 90 da 10 ce, wato kashi 90 titi, kashi 10 ƙasa. Waccan 80 da 20. Ga kuma 50 da 50, irin su Heidenau K60 Scout da Mitas E-07. Sai masu manyan haƙora irin Continental TKC80 da Pirelli MT21 da suka karkata ga daji. Ya kamata a sani cewa babu wata hukuma da ke auna waɗannan alƙaluma, kowane kamfani da dillali shi ke yanka wa hajarsa. Shawarar da akan bayar ita ce mutum ya ƙirga tafiyarsa, ya ga nawa ne titi nawa ne ƙasa, ya sayi tayar da lambarta ta yi daidai. Shawara ce mai amfani ta wani fanni, domin tana sa mutum ya gaya wa kansa gaskiya. Na sha ganin samari daga Abuja da Jos a kan manyan babura sun zo kallon ruwan Matsirga, tayoyinsu da haƙora kamar na kada, alhali duk ƙasar da za su taka ba ta wuce 'yar ratsen da ke tsakanin titi da bakin ruwan ba. Waɗannan sun yi sayayya ne domin tafiyar da suke mafarkin yi. Ban ga laifinsu ba, kuɗinsu ne, kuma kwalliya ma wani abu ce.

Sai dai lissafin nan yana da naƙasu guda, kuma a kansa ne na fi so mai karatu ya tsaya. Kilomita yake ƙirgawa, kamar dai kowane kilomita daidai yake da ɗan'uwansa. Idan na ƙirga tawa tafiyar, cikin kowane kilomita goma wajen takwas kwalta ne, wato ke nan hukuncina ya fito, 80 da 20. Amma biyun nan na ƙasa su ne dalilin fitowata. Idan ban ratsa su ba, takwas ɗin sun tashi a banza, na ƙona mai na koma gida da rikoda ba komai a ciki. Wannan hujja tana jan mutum zuwa ga manyan haƙora. Kafin ya miƙa kuɗi kuma sai hujja ta biyu ta fizgo shi baya, ita kuwa ta fi ƙarfi: faɗuwa ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya zame a laka tafiyarsa ba ta fi ta mai keke ba. Abin da zai yi asara bai wuce farar riga da madubi ba, sai ɗan mutunci idan yara suna kallo. Wanda ya zame a kwana, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, yana gudun kilomita 80 a awa, ga tirela a bayansa, da wuya ya ba da labarin da bakinsa. Malaman kimiyya sun nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Daga gudun kilomita 20 zuwa 80 ninki huɗu ne, ƙarfin da jiki zai sha kuwa ya ninka sau 16.

Bisa ga haka, tambaya biyu nake yi wa taya, kuma ba na yarda su yi musayar wuri. Ta farko: za ki tsayar da ni a kan kwalta ranar ruwa, da goyo a bayana? Duk wadda ta kasa wannan na sallame ta, ko da haƙoranta za su iya hawa dutsen Kagoro. Cikin waɗanda suka tsallake ne nake yin ta biyu: wace ce a cikinku za ta fi fitar da ni daga laka? Dalilina shi ne, abin da laka take iya yi mini bai wuce ta ɗaga tafiyar yau zuwa gobe ba. Abin da kwalta take iya yi ba shi da gobe.

Wanda ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi wani dattijo ne mai faci a Kafancan. Garin nan mahaɗar jirgin ƙasa ne tun shekarun 1920, shi kuwa ya ce tun tasha tana cika da fasinja yake wannan sana'a. Na kai masa tayoyi biyu da wani dillali ya ba ni in nuna kafin mu yi ciniki. Ya juya mai manyan haƙoran, ya danna mata farce, ya dube ni.

"Malam, wannan ai ta masu shiga daji su kwana ce. Kai a daji kake kwana?"

"A'a Baba, gida nake komowa. Amma Agusta fa?"

"Agusta wata ɗaya ne. Titin Zonkwa kuwa kullum ne. Kuma na ga kana goyo."

Ya ajiye ta, ya ɗauki ɗayar, mai manyan tubala a jere kusa da juna, tsakiyarta kusan a haɗe, gefenta kuma da haƙora masu tazara. "Wannan jemage ce," in ji shi, "ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobi. Amma kada ka raina jemage, yana tashi, yana kuma shayarwa." Bai ce in saya ba tukuna. Sai da ya tofa yawu a yatsa ya goge gefen tayar, ya kai ta hasken rana yana neman wasu lambobi.

Abin da yake nema shi ne shekarunta, kamar dai mai duba haƙorin doki. A gefen taya, a ƙarshen jerin rubutun da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3523, an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2023. Tun shekarar 2000 ake amfani da lambobi huɗu, kafin nan uku ne, don haka duk tayar da ka gani da uku ta girmi yawancin ɗalibanmu. Muhimmancin wannan shi ne roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Iska da rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ƙananan tsagu su bayyana a gefe da kuma gindin haƙora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma. Kowanne mutum ya bi, tayar da ta yi rani biyu a rataye ƙarƙashin rumfar kwano ba ta yi daidai da wadda ta kwana a sito mai sanyi ba, don haka a ƙasarmu gajeren wa'adin ya fi kusa da gaskiya. Nan ne tarkon tayar gwanjo yake. Zanenta yana nan raɗau, ido ya gani ya yaba, amma robar ta bushe kamar ƙirgi. Akwai ma waɗanda ke ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai.

Abin da ya bar mu a hannun irin wannan haja sananne ne. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Ikeja a 2008. Ƙasar da ke da gonakin roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta koma tana fitar da ɗanyen kaya tana sayo taya. Yawancin tayoyin babur da ke kasuwanninmu daga Sin da Indiya da maƙwabtansu suke zuwa, akwai nagari ƙwarai a cikinsu, akwai kuma jabu da ke sanye da sunan nagarin. Farashinsu dala yake bi, kuma tun 2023 da aka janye tallafin mai aka saki naira, bin ya zama gudu. Saboda haka ba na saurin zargin ɗan acaɓar da ke hawan taya har zare ya leƙo, mutum ne da balas ke jiransa kowane dare. Malami mai albashi kuwa, komai ƙanƙantar albashin, ba shi da wannan uzuri idan zai ɗora ɗan mutane a baya.

Sauran rubutun da ke gefen taya ma abin karantawa ne, kuma abin kunya ne a ce mu da ke koyar da fiɗar matani muna hawa a kan matanin da ba mu taɓa karantawa ba. Ɗauki misalin 90/90-21 54S. Lamba ta farko faɗin taya ne, milimita 90. Ta biyu tsayin gefenta, kashi 90 cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman wilin da za ta shiga, inci 21. Lamba 54 tana nufin iyakar nauyin da za ta ɗauka kilo 212 ne, harafin S kuma iyakar gudu kilomita 180 a awa. Harafin gudu bai cika damun irinmu ba, wa zai yi 180 tsakanin Madakiya da Zonkwa? Lambar nauyi ita ce tamu, musamman a baya, inda mahayi da goyo da jaka da buhun tsarabar da ba a iya ƙi suke sauka. Tayar baya mai lamba 62 kilo 265 take ɗauka, kuma wani kaso na nauyin babur ɗin kansa yana cikin lissafin. Akwai kuma 'yar kibiya da ke nuna inda taya za ta fuskanta, yana da kyau mutum ya tsaya a kan yaron shago har ya ga an bi ta.

Tsakanin ƙafafun biyu, ta baya ta fi saurin cinyewa, sau da yawa akan canza biyu kafin a canza ta gaba ɗaya. Wannan ya sa mutane suka ɗauka ita ce babba. A ganina ta gaba ce. Idan ta baya ta zame a ƙasa, babur yakan kaɗa wutsiya, mai natsuwa ya sassauta mai ya daidaita. Idan ta gaba ta zame babu shawara, sai dai mutum ya tsinci kansa a kwance. A kan kwalta kuma mafi yawan aikin birki a gaba yake, domin da an taka nauyi yakan ruga can. Don haka wanda ya sabunta ta baya ya bar tsohuwa busasshiya a gaba, don wai zanenta bai ƙare ba, ya yi tanadi a inda bai kamata ba.

Akwai kuma wani abu da ke mayar da jemage kusa da tsuntsu ko kusa da dabba, kuma kyauta ne, wato iska. John Boyd Dunlop, wanda ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska a Belfast a 1888, likitan dabbobi ne, mutumin da ya san kofato, kuma abin da ya gano shi ne iskar ce ke ɗaukar kaya, roba riga ce kawai. Idan na sauka daga kwalta zan yi doguwar tafiya a ƙasa, nakan tsaya in rage wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar. Taya takan ɗan baje, filin da ke taɓa ƙasa ya ƙaru, ta daina tsalle a kan tsakuwa. Amma ragin yana da iyaka. In ya yi yawa, dutse yakan matse tub a jikin wili ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji, ko kuma taya ta zame a kan wili ta tsinke bakin tub ɗin. Kuma da an dawo kwalta tilas a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi, tana sa babur lilo a kwana. Masu faci da yawa da yatsa ko da dukan ƙarfe suke awo, kuma sun saba cika taya tam saboda masu lodi. Shi ya sa ɗan geji da ƙaramin famfo ba sa barin jakata. Awon da ya dace yana rubuce a jikin babur ko a littafinsa, kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

Zancen tub da marar tub gajere ne. Marar tub ta fi aminci idan ƙusa ta shige ta, don a hankali take sacewa, ba kamar tub da kan fashe farat ɗaya ba. Amma yawancin wili mai wayoyi, irin na baburanmu, ba ya riƙe iska sai da tub, kuma wili mai wayoyi shi ke jure dukan rami. Ga shi babu ƙauyen da za a rasa mai iya facin tub. Na zauna a kan tub mai kauri, da wani na ajiya a ƙarƙashin kujera.

Jemagen na saya, gaba da baya, shekararta ba ta cika ɗaya da ƙira ba. Lokacin canji kuma na tsayar da shi a Fabrairu ko farkon Maris, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar taya tana da santsi a kilomita ɗari ko fiye na farko, gara ta goge a busasshen titi. Ruwan farko na Afrilu kuwa shi ne mafi sharri a kan kwalta, domin yakan taso da ƙura da man da motoci suka ɗiga tun rani ya shimfiɗa su a kan hanya. Ina so ranar ta same ni da zane cikakke da robar da ta riga ta saba da titi.

Farashin wannan zaɓi ina biyansa kowace shekara, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba. Akwai wata gangara bayan wani rafi, a hanyar gidan wata tsohuwa da ta fi kowa tatsuniya a cikin waɗanda na sani, inda idan an kwana ana ruwa tubalan tayata sukan cika da laka, ƙafar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Mai manyan haƙora wataƙila ya haye. Ni nakan juya in jingine babur a gidan mai unguwa, mu naɗe ƙafar wando, ɗalibina ya ɗora jakar rikoda a ka, mu ƙarasa da ƙafa, tafiyar kusan rabin awa. Ranar da muka fara isa gidanta a haka, laka har gwiwa, ta leƙa bayanmu ta ce, "Ɗana, ina dokin naka?" Na ce, "Mama, na ɗaure shi a gidan mai unguwa." Ta yi dariya har da tafi, ta sa jikarta ta kawo mana ruwan wanke ƙafa da dafaffiyar masara, sa'an nan ta gyara zama ta ce wa yaron ya kunna abin nasa.